Aron Bango

Shafi na 19

Masu ta aiko mini saƙo kan bangon gabas, na ji ku. Maganar ce ta ƙi kwanciya a raina, shi ya sa na yi nawa. Ga inda muka tsaya.

*

Kafin azahar gidan Malam Tanimu mai goro ya zama fili.

Zaure ya tafi, ɗakin girki ya tafi. Soron da tsohon ya yi jinyarsa ta ƙarshe a ciki, shi ma an sauke shi tun da hantsi, an jera azarorinsa a gefe kamar itacen sayarwa. Abu ɗaya ya rage a tsaye cikin zafin bazarar Garwa: bangon gabas, dogo, ja, shi kaɗai.

Brahim, ɗan marigayin, yana tsaye inda da can tsakar gida ne. Ya duba hagu ya duba dama, ya kasa gane inda randar mahaifiyarsa take zama. Ashe ɗakuna ne ke riƙe wa mutum tunaninsa. Da aka kwashe su sai wurin ya tsuke, har yana mamakin yadda ya yi gudu a cikinsa yana yaro.

Shi da kansa ya ɗauko Bobbo. A shekarun nan da gwamnatin Ahijo ke shimfiɗa kwalta tana faɗaɗa tituna, masu rusau sun yi yawa a gari, amma duk wanda ya tambaya sai ya ce masa ya nemi Bobbo. Yana da kamiyo, babbar motar kaya, yana da ma'aikata, kuma zai sauke maka kanti guda tulun maƙwabci bai tsage ba.

Bobbo ya matso yana kaɗe ƙasa daga hularsa.

"Patron, saura wannan."

"Na gani."

"Gani kam na san ka gani. Bakinka nake jira."

Brahim ya dubi bangon.

A bayan bangon nan ɗakin Dada Odette yake. Ɗakin bango uku gare shi, na huɗun na gidan su Brahim ne. Lokacin da mijinta Célestin ya sauko da ita daga tsaunukan Mokolo, yana dako a tashar jiragen ruwa, ba su da inda za su sa haƙarƙari. Malam Tanimu ya nuna masa lungun bayan gida ya ce ya jingina ɗakinsa. Tsofaffin unguwa har yau suna maimaita abin da ya faɗa ranar:

"Na ba ka aron bango har ya faɗi da kansa."

Célestin ya rasu, Malam Tanimu ya bi shi. Yanzu sabon titi ya biyo ta ƙofar gida. Brahim ya bar aikinsa na ofishin auduga a Kaélé, ya samo izinin gina shaguna uku na siminti, kuma harsashin ginin ta kan bangon nan zai bi. Dada Odette kuwa ba ta da takardar fili. Muddin ɗakinta na tsaye, meri, hukumar gari, ba ruwanta da ita. Ranar da ya faɗi, ba wanda zai bar ta ta sake ɗora ƙasa a bakin kwalta.

"Ba za a iya matsawa kaɗan ba?" in ji Brahim.

"Ana iyawa. Shago uku ya koma biyu da lungun ɓeraye. Ka koma meri a sake zane, ka bi layi, damina ta same ka da rami a buɗe." Bobbo ya ɗaga kafaɗa. "Ni rushewa na sani. Amma na ga masu gini da yawa suna kuka."

"Mahaifina ya yi magana a kan bangon nan."

"Na ji ta. Duk Garwa ta ji ta. Har ya faɗi da kansa, ko?"

"Haka ya ce."

Bobbo ya waiga ya ga ma'aikatansa sun fake a inuwar kamiyo, sannan ya rage murya.

"Patron, a sana'armu akwai bangon da ake sara, akwai wanda ake shayarwa."

"Shayarwa?"

"A tona ɗan rami siriri a gindinsa, a riƙa zuba ruwa safe da yamma. Ƙasa ce, sha take yi. Ba diga, ba guduma, ba wanda ya taɓa shi. Ni na san ranar da zai gaji. Sai mu daidaita ta da lokacin da tsohuwa ke kasuwa. Ya durƙusa a hankali, ko kaza ba za ta mutu ba."

"Sai a ce me?"

"Sai a ce ya faɗi da kansa. Ƙarya aka yi?"

Brahim ya ji maganar ta shige shi kamar ruwan sanyi, abin da ya ba shi tsoro ke nan. Idan aka shayar da bango har ya faɗi, wa ya ka da shi? Ruwan, ko hannun da ya ɗauko bokiti, ko bakin da ya ƙi cewa a'a? Kalmomin mahaifinsa za su fita lafiya lau, ba ko ƙwarzane. Amma ya san tsohon. Da yana nan, ba zai yi faɗa ba. Kallonsa kawai zai yi, ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa.

"A tona mu ga gindin tukuna," ya ce. "Gani kawai."

Bobbo ya yi murmushin wanda ya saba jin irin wannan "kawai" ɗin. Ya ɗauki diga da kansa, ya soma tonon a hankali, yana jan ƙasa da ƙafa. Bai yi nisa ba ƙarfen ya yi ƙara, wata ƙara da ba ta ƙasa ba.

Ya tsuguna ya share da hannu. Ya matsa gaba ya sake tonawa. Ƙarar dai ita ce.

"Kai! Patron, ubanka ba Bahaushe ba ne?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Zo ka gani."

Brahim ya leƙa. A ƙarƙashin jan yaɓen, duwatsu ne baƙaƙe a jere, manya a ƙasa, ƙanana a tsakani, kowanne ya ciji ɗan'uwansa.

"Ku Hausawa ƙasa kuke ɗorawa kan ƙasa ku ce Allah ya tsare," in ji Bobbo. "Mu Fulani ma kada a yi maganarmu, kara da ciyawa ne. Wannan jerin na san shi. Hannun mutanen tsauni ne. Ko kogin Binuwai ka juyo masa ba zai sha ba."

"Mahaifina ne ya gina gidan nan tun ba a haife ni ba."

"To, ko dai ya yi zama a Mokolo bai faɗa muku ba, ko akwai abin da ba ka sani ba."

Brahim ya tsallake tarin tubali, ya fita ta inda da can ƙofar zaure take, ya zagaya lungu.

*

Dada Odette na zaune a ƙofar ɗakinta kan 'yar kujera, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta tsufa ta ƙanƙance, amma hannunta bai rage sauri ba. Ƙurar rusau ta sauka a kan kallabinta, ba ta kakkaɓe ba.

"Sannu da gida, Dada."

"Gidan da ya rage? Yauwa. Zauna, ɗan Halime."

Ita kaɗai ta rage a duniya mai kiransa haka. Ya tsuguna a gefen tabarma. Ta tura masa gyaɗa a tafin hannu ba tare da ta tambaye shi ba, kamar yadda take yi tun yana tsirara.

Ta ƙofar da ke buɗe yana hango bangon daga ciki, sumul, an shafe shi da farar ƙasa. Ga 'yar kafar nan a tsakiyarsa, daidai ƙirjin mutum. Ta nan mahaifiyarsa da Dada Odette ke miƙa wa juna garwashi da gishiri da labarin unguwa. Ranar Sallah tuwo ya bi ta nan, ranar Nowel, Kirsimetin su Dada, shinkafa ta dawo. Shi kansa an sha cusa shi ta nan in ya yi laifi mahaifinsa na nemansa da tsumagiya.

"Dada, wa ya gina bangon nan?"

Hannunta bai tsaya ba.

"Ka gama da shayarwa, ka koma tambaya?"

Ya daina tauna gyaɗar.

"Kin ji?"

"Kafar da na ji kukanka na farko ta cikinta, ita za ta hana ni jin Bobbo? Lokacin tsohuwa na kasuwa. Ko kaza ba za ta mutu ba. Na gode da aka tuna da kajina."

"Ban amince ba, Dada."

"Ba ka ƙi ba."

Ya sunkuyar da kai. Can nesa wani kamiyo ya wuce kan sabuwar kwalta, ƙasa ta ɗan girgiza.

"Dutse muka tarar a gindinsa," ya ce.

"To."

"Bobbo ya ce hannun mutanen tsauni ne."

"Bobbo na da ido, ba a hana shi." Ta busa ɓawon da ke faifai. "Ka tuna shekarar da Binuwai ta shigo unguwa? Ba za ka tuna ba, kana lekol, kana karatun boko a Marwa, sai labari ka ji. Ruwa ya kwana a lungun nan har gwiwa. Bangon ubanka ya faɗi."

"Wane bango?"

"Wannan da kuke ta magana a kansa. Ya faɗi da kansa, ɗan Halime. Tuntuni. Ya tafi da rabin rufinmu da rabin soron ubanka."

Brahim ya ɗago.

"Amma kafar tana nan. A inda na san ta."

"Uwarka ta ce in babu kafa ba ta son bangon. Célestin ya auna da igiya ya mayar da ita wurinta."

"Baba Célestin ne ya..."

"Ubanka na kwance da kurkunu a ƙafa, goronsa ya ruɓe a hanya, ko na cefane sai da dabara. Wa zai gina? Mijina in ya tashi daga dako sai ya wuce gindin tsauni, ya ɗauko dutse a ka. Ni da Halime muna kwaɓa ƙasa. Ya ce shi bai iya ginin da ruwa ke ci ba, irin na garinsu zai yi."

"Ba wanda ya taɓa faɗa mini."

"Ubanka bai ce a ɓoye ba. Célestin ne ya yaɓe dutsen har ƙasa, ciki da waje. Ya ce ba zai bari 'yan goro su zauna a kasuwa suna cewa Malam Tanimu ya jingina da bangon ɗan dako ba."

Ta ajiye faifan a cinya. Idonta ya tafi wani wuri.

"Da aka gama, ranar wata Juma'a, sai muka ji sallama a ƙofar nan. Ubanka ne. Ya sa babbar rigarsa mai aska, yana ɗingishi da sanda. Maimakon ya yi magana ta kafa yadda aka saba, sai ya zagayo ta lungu kamar baƙo. Ya zauna nan inda kake. Ya ce, Salastan, don haka yake kiransa, bai taɓa iya sunan ba. Ya ce, Salastan, arona ya ƙare tunda bangona ya faɗi. Yanzu ni na zo neman aro. Ka ba ni in jingina sorona."

Ta yi 'yar dariya, ta share gefen ido da bakin zane.

"Mijina Hausarsa ta kasuwa ce, ka sani, mace ma sai ya ce ya zo maimakon ta zo. Ya rasa abin faɗa. Sai ya ɗauko maganar ubanka ya mayar masa. Ya ce, na ba ka, har ya faɗi da kansa. Suka yi ta dariya kamar yara. Halime na leƙe ta kafa tana cewa a rufa mata asiri a rage murya."

Brahim ya ji kamar yana ganinsu. Rigar nan mai aska ya san ta, ita mahaifinsa ya sa ya kai shi lekol ranar farko. Ya yi shekaru yana ɗaukar Dada Odette a matsayin amanar da mahaifinsa ya bari, nauyin da mai kirki ke haƙuri da shi. Ashe shi ne ya girma a jingine da dutsen mijinta.

"Ke nan bangon naku ne," ya ce a hankali.

"Ƙasar da yake kai ta ubanka ce. Dutsen na mijina ne. Yaɓen nawa ne da na uwarka. Kai ka yi lekol, raba mana."

"Dada, zan kama miki ɗaki a unguwar Yelwa. Mai rufin kwano, ga famfo a ƙofa. Ni zan riƙa..."

"Micheline ma ta aiko in koma wurinta Bibémi. 'Yata ce, tana da ɗaki, tana da jikokina. Wurin zuwa bai gagare ni ba."

"To me ya sa..."

"Don ba wanda ya zo ya tambaye ni. Ka dawo daga Kaélé, ka gaishe ni da buhun shinkafa, ka wuce. Masu awo suka zo suka ja igiya ta kan rufina. Bobbo ya zo da kamiyo. Kowa na magana da bango, ba mai magana da ni. Ubanka da ƙafa ɗaya ya zagayo lungun nan."

Ta koma ɓarar gyaɗarta, ta ci gaba da magana.

"Kuma bari in faɗa maka abin da Bobbo bai faɗa maka ba. Gindin ne dutse, saman ƙasa ce. Soron ubanka ne ke rufe masa baya. Yau kun sauke soron, kun bar shi tsirara. Ba sai kun wahalar da kanku da bokiti ba, damina za ta yi muku aikin daga sama. Sai dai ita ba ta san ranar kasuwa ba."

Wannan bai zo wa Brahim a rai ba sam. Da safen nan da yake kallon ana zare azara, ya ɗauka kayansa kawai yake rushewa.

Dada Odette ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Ya ji tana jan wani abu a ƙarƙashin gado. Ta fito tana jan tsohuwar diga a ƙasa, ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi don riƙo.

"Ta Célestin ce. Da ita ya sare duwatsun. Karɓi."

"Dada, me zan yi da ita?"

"Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya karɓa. Ta fi yadda ya zata nauyi.

"Su biyu suka ce har ya faɗi da kansa, su biyun sun tafi. Ni na rage, kuma na ɗage maka wannan maganar. Kana son bango, ɗauki. Amma ba da ruwa ba, ba da hannun mutanen Bobbo ba, ba ina kasuwa ba. Kai da kanka, da rana, ina ciki."

"Haba Dada! In ya faɗo miki fa?"

"Kada ka raina aikin mijina. Sara ɗaya ba zai ka da shi ba. Sara ɗayan nake so in ji da kunnena, in san daga hannun wa ya fito. Ina ji zan naɗe tabarmata in fito. Gobe motar Bibémi ta tafi da ni. Ba zan yi maka baki ba, ba zan kai ƙara wurin kowa ba. In an tambaye ni in ce ɗan Halime ya sallame ni da mutunci."

"In kuma ban sara ba?"

"Wannan kuma tsakaninka da shagunanka."

Ta tattara faifanta da kujerarta. A bakin ƙofa ta juyo ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci ne?"

Ta shige ta saki asabari.

*

Lungun da ya zagayo cikin ɗan lokaci ya yi masa tsawo a komawa. Ma'aikatan da ke inuwar kamiyo suka ga diga a kafaɗarsa, suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Bobbo ya dubi digar, ya dubi fuskarsa.

"Patron, wannan ba tamu ba ce."

"Na sani."

"In sara ne, ga mutane na biya su. Kai hannun alƙalami gare ka."

"Ku matsa baya."

"Me tsohuwar ta ce maka?"

"Bobbo, ka ce su matsa."

Bobbo ya ɗaga hannu, suka ja da baya. Daga gabas iska ta taso mai ɗan sanyi, irin wadda ke zuwa da ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani gari.

Brahim ya tsaya gaban bangon. Inda soron ya rabu da shi akwai tabon hayaƙin fitilar mahaifinsa, da ƙusar da yake rataye carbi. Ya sa tafin hannu a jiki. Da ɗumi, kamar jikin mai rai.

Daga can bayan bangon muryarta ta fito, ba rawa a cikinta.

"Ɗan Halime, na zauna."

Ya gyara tsayuwa, ya tofa yawu a tafin hannunsa, ya ɗaga digar sama.